Yadda ake gyaran wayoyi da makunnai na sitiyarin tuƙin jirgin sama na kwamfuta

Ranar da sitiyarina ya fara ba ni matsala, ina cikin saukowa ne a filin jirgin saman Garwa, a kwamfuta, da ƙaramin jirgi Cessna 172. Na karkata hagu don in daidaita da titin sauka, na danna maɓallin tirim (mai daidaita hancin jirgi sama ko ƙasa) da ke ƙarƙashin babban yatsana, shiru. Na maido sitiyari tsakiya, na sake dannawa, ya amsa. Na koma hagu, ya sake ɗaukewa. Wannan 'yar alamar ta riga ta nuna inda ciwon yake: makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin lafiyarsa ƙalau, waya ce ta katse a wurin da take lanƙwasawa.

Mu da ke nan arewacin Kamaru da Chadi, wanda duk ka ga yana da wannan sitiyari, ko dai wani ne ya zo masa da shi daga Duwala ko Faransa, ko kuma gwanjo ya saya. Idan ya lalace babu inda za ka mayar. Shi ya sa nake jin ciwo in ga mutum ya jefa shi saman kwaba saboda maɓalli biyu sun mutu, alhali abin da ya lalace bai fi tsawon yatsa na waya ba.

Abin da ke ciki

Ko na Logitech ne (wanda a da ake kira Saitek, kafin Logitech ya saye shi a 2016), ko na CH Products, ko na Honeycomb, ginin kusan ɗaya ne. Akwai hannu mai ƙaho biyu inda maɓallai suke. Akwai sanda da ke shiga cikin akwati tana fita, tana kuma juyawa hagu da dama. A cikin akwatin akwai fanel, wato allon lantarkin da wayoyi suke haɗuwa a kansa, da na'urori biyu masu auna motsi: ɗaya ta ja da turawa, ɗaya ta juyawa. A wasu, bolum ne irin na rediyo. A wasu kuma maganaɗisu ne da ɗan ma'auni mai ƙafa uku da ake kira Hall. Wayoyin maɓallan hannu dole su isa fanel, don haka ko dai su bi ta cikin sandar, ko su bi ta wata gajeriyar igiya a waje, kamar yadda Honeycomb Alpha yake da igiya mai kai irin na wayar intanet tsakanin hannu da akwati. Duk abin yana aiki ne da bolt 5 daga USB, ba zai ja ka ba.

Mataki na farko: kada ka taɓa sukudireba tukuna

Jona sitiyarin kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta akwatin rarraba USB ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka danna Enter. Idan Windows ɗinka na Faransanci ne, kamar yawancin namu, za ka ga Contrôleurs de jeu. Zaɓi sitiyarin ka shiga Propriétés. Nan za ka ga 'yan da'irori masu lamba da ke haske idan ka danna maɓalli, da ɗan gicciye da ke motsi idan ka motsa sitiyari. Dalilin farawa a nan shi ne a raba laifin na'ura da laifin manhaja. Sau da yawa Microsoft Flight Simulator ko X-Plane ko FlightGear ne ya manta aikin da ka ba maɓallin. In ya yi haske a joy.cpl, to ajiye kayan gyara, ka koma saitin wasan.

In bai yi haske ba, ɗauko takarda da biro. Danna kowane maɓalli sau biyar: sitiyari a tsakiya, a ƙarshen hagu, a ƙarshen dama, a jawo shi gaba ɗaya, a tura shi gaba ɗaya. Rubuta abin da ka gani. Wannan takardar ita ce rabin gyaran, domin kowace cuta da kamanninta. Maɓalli ɗaya tak ya mutu a ko'ina ka ajiye sitiyari, ko sai ka danna da ƙarfi yake amsawa: makunnin ne. Maɓalli yana zuwa yana ɗaukewa gwargwadon yadda ka juya: waya ce a cikin sanda ko kan igiyar waje. Maɓallai uku ko huɗu sun mutu rana ɗaya: kada ka ce duk sun lalace tare, waya ɗaya suke tarayya a kanta, ita ce ta tsinke. Ka danna ɗaya biyu su yi haske: wayoyi biyu sun goge rigarsu suna taɓa juna, ko wani ɗan diyod (mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai) ya mutu. Gicciye yana rawa kai ba ka taɓa komai ba: bolum ya sha ƙura. Kwamfuta tana ta ƙarar shiga da fita, sitiyarin yana ɓacewa gaba ɗaya: igiyar USB ce.

Kayan aiki

Mitar auna wuta mai wurin yin ƙara idan waya ta haɗu, ita ce gaba da komai. In babu ita, ara. Sai ƙarfen dalma mai siririn baki, na wat 25 zuwa 40, ko mai saiti da za ka ajiye a wajen digiri 330. Dalma siririya mai ƙaro a ciki, irin ta 60/40 da ke narkewa a ƙasa da digiri 190. Marar gubar darma tana son zafi fiye da haka, kuma ta fi wuyar sha'ani ga sabon hannu. Sukudireba mai gicciye babba da ƙarama, 'yar filaya mai yanka, hantsaki, robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, alkol mai ƙarfi na wanke fanel, tsohon buroshin haƙori, da giris na silikon. Masu gyaran wayar hannu a babbar kasuwa suna da kusan duka.

Maganar wuta kuma, kowa ya san halin da ake ciki idan ruwan madatsar Lagdo, mai ba mu lantarki, ya ja baya. In kana da batirin sola, ƙarfen dalma mai bolt 12 ko na USB ya isa wannan aikin. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ƙusa da aka gasa a garwashi. Tana liƙe bokiti, amma a kan fanel ɗaga layin tagulla take yi, daga nan ƙaramin gyara ya zama babba.

Mataki na biyu: buɗewa

Zare USB. Shimfiɗa farin zane a kan tebur, a ɗakin da fanka ba ta kaɗawa kanka. In lokacin hunturu ne, lokacin da mutum yake taɓa ƙofar mota ya ji tsat, fara taɓa ƙofar ƙarfe ko tagar ƙarfe kafin ka kai hannu kan fanel, kuma ka riƙa maimaitawa. Wannan tartsatsin da kake ji a yatsa ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar fanel, ita kuwa ba a samunta a kasuwa.

Kifa akwatin, ka kwance sukuru. Wasu suna ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa ko takardar da aka manna. In murfi ya ƙi ɗagawa, akwai wanda ka bari, kada ka ɓanɓare da ƙarfi. Zana hoton akwatin a kwali, ka soke kowane sukuru a gurbinsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana fasa roba. Ɗaga murfi a hankali, ka leƙa ko akwai waya manne da shi. A ciki akwai sifirin ko igiyar roba mai maido da sitiyari tsakiya, a ɗame suke, kada ka kai fuskarka kusa idan za ka cire su. Sannan ɗauki hoto da wayarka, da yawa, daga kowane gefe, kafin ka zare ko da fulogi ɗaya. Ɗauki na kusa inda launin kowace waya da gurbinta suka fito sarai. 'Yan fararen fulogin nan, riƙe jikinsu ake yi a jijjiga su fito, ba a jan wayar.

Hannun ma haka ake buɗe shi, sukurunsa suna baya. Yi shi a cikin faranti mai faɗi, saboda kawunan maɓallai zubowa suke yi.

Mataki na uku: neman wayar da ta katse

Nan ne aikin yake, nan kuma mutane suke gaggawa. Waya takan tsinke daga ciki rigarta tana nan lafiya, ido ba zai gani ba. Dalili kuwa, duk juyin da ka yi da sitiyari tagullar tana lanƙwasawa a wuri guda, yau da gobe silin suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Zafin Maris da Afrilu, da yake wuce digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, yana ƙara busar da rigar ta yi tauri, sai lanƙwasar ta taru a gaɓa ɗaya. Wuraren da za ka zarga biyu ne: inda wayoyin suka shiga sanda ta wajen hannu, da inda suka fito daga cikinta a akwati.

Zare fulogin wayoyin daga fanel. Sa mita a wurin ƙara, ka haɗa bakunanta biyu ka tabbatar tana kuka. Ɗora baki ɗaya a ƙarshen waya na cikin hannu, ɗayan a ƙarshenta na wajen fulogi. In ramin fulogin ya yi ƙanƙanta, soka allura ka taɓa allurar. Kukan farko bai isa shaida ba. Bar bakunan a wurin, wani ya juya maka sitiyari a hankali zuwa ƙarshen hagu da dama, ya ja ya tura. Wayar da kukanta ya yanke ko ya yi kakkarwa, ita ce. Bi su duka ɗaya bayan ɗaya, ko da ka samu ta farko, don in ɗaya ta tafi maƙwabtanta suna kan hanya. Bayan haka gwada kowace waya da ta kusa da ita: nan shiru ake so, in mita ta yi kuka suna taɓa juna.

Ni ɗan yayata ne ya riƙe mini sitiyari da tocila, yaro ɗan aji uku a sakandare. Muna kan waya ta biyar, ruwan ɗorawa, ya juya hagu sai mita ta yi shiru. Na kama wayar da yatsu biyu kusa da bakin sanda na ja kaɗan. Ya matso da tocilar ya ce, "Kawu, duba, wannan miƙewa take yi kamar danƙo, sauran ba sa yi." Haka ne kuwa. Rigar ta sirance a wuri guda ta yi fari-fari, babu tagulla a cikinta. Wannan gwajin yatsa yana da amfani ƙwarai: lafiyayyar waya ba ta miƙewa.

In naka mai igiyar waje ne, fara da ita. Leƙa cikin soket da tocila ka ga ko wani siririn haƙori ya lanƙwashe ko ya nutse, ka duba ko ɗan harshen da ke riƙe fulogin ya karye, sannan ka juya fanel ka duba dalmar ƙafafun soket ɗin. Zobe siriri kamar gashi kewaye da ƙafa yana nufin dalma ta tsage. Narka ta ka ƙara sabuwa kaɗan.

Mataki na huɗu: sauya waya

Zuciya za ta ce maka ka yanke wurin da ya katse ka haɗa da dalma. Kada ka bi ta. Dalma tana mayar da waya sanda, kuma ka sa sandar a daidai inda ake lanƙwasawa, bayan 'yan makonni za ta karye a gefen haɗin. Sauya wayar gaba ɗaya daga hannu har akwati. In dole sai an yi haɗi, a yi shi a inda ba ya motsi, can kusa da fulogi.

Wayar da za ka sa ta zama mai sili da yawa, siririya, lamba 26 ko 28. Mai rigar silikon ta fi kowace laushi. In ba ka samu ba, fasa igiyar tsohon linzamin kwamfuta ko igiyar firinta, wayoyin cikinsu suna yi. Guji wayar intanet ta cikin bango mai tagulla guda ɗaya, ba ta jure lanƙwasa ko kaɗan. Guji ta abin sauraron kunne ma, silinta fenti ne a jiki, dalma ba ta kama shi da sauƙi.

Yanke sabuwar ta fi tsohuwar tsawo da kamar santimita 5. Kada ka zare tsohuwar tukuna, ita ce jagorarka: liƙa bakin sabuwa da nata da ɗan ɗigon dalma, ka ja tsohuwar ta ɗaya gefen, sabuwar ta biyo ta cikin sanda. In wadda ta katse ce, ja da maƙwabciyarta, ka shigar da sababbi biyu lokaci guda. Yi waya ɗaya, ka gama da ita, sannan ka kama ta gaba. In launin sabuwar ya bambanta, manna 'yar takarda mai lamba a bakunanta biyu, ka rubuta a takardarka.

Wajen liƙawa, feƙe rigar milimita 2 zuwa 3, murɗa silin, ka shafa musu dalma tukuna su yi fari. Wurin da za ta zauna ma ka sabunta dalmarsa. Sai ka haɗa su, ka ɗora bakin ƙarfe daƙiƙa biyu ko uku, ka ɗauke, ka riƙe wayar ba motsi har ta sandare. Kyakkyawan haɗi santsi yake yi yana bin jikin waya. In ya dunƙule kamar ƙwallo a sama, bai kama ba. Ja ta kaɗan ka gani. Ta wajen fulogi, bar guntun tsohuwar waya kamar tsawon yatsa a jikinsa, ka haɗa sabuwar da shi, amma ka tuna zura robar tsukewa kafin ka liƙa. Salatif baƙi a zafinmu narkewa yake yi ya zame, ya bar danƙo.

Saura abin da zai hana cutar dawowa. Shafa yatsa a bakin ramin da wayoyin suke fitowa. In yana da kaifi, goge shi da 'yar zarto ko takardar yashi, ka zura wa wayoyin guntun sabon tiyon mai na babur a daidai wurin. Sannan ka bar musu sarari: su yi lanƙwasa mai faɗi kamar wuyan buta, yadda in ka ja sitiyari har ƙarshe ba za su ɗame ba, in ka tura har ƙarshe ba za su shiga tsakanin haƙoran giya ko sifirin ba. Ɗaure su a wurin da masana'anta suka ɗaure, ba tamau ba. Motsa sitiyarin sau ashirin kana kallon yadda suke tafiya kafin ka gamsu. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa dalma, akwai gubar darma a ciki, kuma kada yara su yi wasa da guntayenta.

Mataki na biyar: makunnai

Yawancin maɓallan hannu, a ƙarƙashinsu ɗan makunni ne mai kusurwa huɗu, milimita 6 kowane gefe, mai ƙafa huɗu. Ƙafafun biyu-biyu ne a haɗe ta ciki, don haka in ka auna mita ta yi ta kuka ba ka danna ba, wataƙila 'yan gida ɗaya ka taɓa. Auna ƙafa biyu da ke kusurwa da kusurwa: shiru in ba a danna ba, kuka tsaf in an danna. In sai ka matsa, ɗiga masa alkol, ka danna sau talatin ko arba'in, ka bari ya bushe. Wani lokaci gumi ne da ƙura kawai. In bai dawo ba, sauya shi.

Tafi da tsohon kasuwa, domin tsawon kan makunnan ya bambanta, kuma bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa maɓalli ya danne kansa ko ya kasa kaiwa. Ni wani mai gyaran rediyo a Yelwa na kai wa. Ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce, "Malam, ai irin na gaban dikoda ne wannan." Ya jawo matacciyar dikoda daga ƙarƙashin benci, ya cire mini guda shida, muka jera su a kan gilashi muka zaɓi biyu da tsawonsu ya zo daidai.

Wajen cire tsohon daga fanel, yanke ƙafafunsa da filaya, ka zare kowace ita kaɗai da hantsaki kana narka dalmarta. Buɗe ramukan da abin zuƙar dalma, ko da saƙar tagullar da ke cikin wayar eriyar talabijin. Zaunar da sabon ya kwanta daram, liƙa ƙafa ɗaya, duba bai karkace ba, sannan sauran. Kada ka daɗe da ƙarfe a kai, cikinsa roba ce.

Ɗan maɓallin duba gefe-gefe, wanda masu Faransanci ke kira hular Sin, makunnai huɗu ne a ciki da waya ɗaya ta tarayya. Kusurwoyin suna fitowa ne idan biyu suka danne tare. In gefe ɗaya ya mutu, makunni ɗaya ne ko wayarsa. In duka suka mutu, ta tarayyar ce. Makunnan tirim masu komawa tsakiya su ma ƙafar tsakiya ce ta tarayya. In ka ga 'yan diyod kusa da makunnai, irin 1N4148, auna su a wurin diyod na mita: gefe ɗaya kawai ya kamata su wuce. Wajen sauyawa, baƙin zoben ya kalli inda na tsohon ya kalla.

Mataki na shida: bolum da igiyar USB

Zare fulogin bolum, ka auna ƙafafun gefe biyu. Abin da mita ta nuna ya yi kusa da abin da aka rubuta a jikinsa. Sai ka auna ta tsakiya da ta gefe kana juyawa a hankali. Lamba ta hau a jere ba tsalle. Tsohuwar mita mai allura ta fi nuna wannan, za ka ga allurar tana zabura a wurin da ya cinye. Ɗiga alkol ko maganin wanke makunnai ta ɗan ramin jikinsa, juya shi sau da yawa. Kada ka fesa masa man kwance tsatsa, yana barin maiƙo da ke tara ƙura. Kafin ka cire bolum daga mazauninsa, yi alama da maka a haƙoran giyar, don tsakiya ta koma inda take. Ni na fi son wankewa a kan sauyawa, saboda wasu bolum ɗin sitiyari an yi su ne su ba da dukkan awonsu a ɗan gajeren juyi, na kasuwa kuwa sai ya juya kusan digiri 300. In dole ne, nemi mai harafin B, kamar B10K idan naka 10K ne. Mai harafin A na sautin rediyo ne, ba ya hawa daidai wa daida. Mai Hall ba ya cinyewa. Duba wayoyinsa uku, da ko maganaɗisun ya saki.

Igiyar USB takan karye a bakin akwati. Yanke santimita 10 daga wurin ka sake liƙawa, ko ka sa ta firinta. A al'ada ja shi ne bolt 5, baƙi ƙasa, fari da kore na saƙo, amma wasu igiyoyin arha ba sa bin launi, don haka auna daga bakin fulogi ka tabbatar. Juya ja da baƙi yana iya ƙona fanel nan take.

In kuwa fanel ɗin ne ya mutu, sitiyarin bai mutu ba. Ƙananan fanel irin su Arduino Leonardo ko Pro Micro, masu ƙwaƙwalwar ATmega32U4, kwamfuta tana iya ganinsu a matsayin abin tuƙi, sai a jona musu bolum da makunnan. Wannan aikin wata rana ne.

Mataki na bakwai: haɗawa da gwaji

Goge sandar da ƙyalle mai alkol har baƙin dattin ya fita, ka shafa giris na silikon kaɗan, kamar ƙwayar gero biyu. Giris ɗin mota da baƙin mai suna cin wasu robobin, kuma ƙurar hunturu tana mayar da su taɓo. Mayar da fulogi kana duba hotunanka. Kafin ka rufe, jona USB, buɗe joy.cpl, ka maimaita gwajin nan na wurare biyar, kana bin takardarka ta farko layi-layi. In gicciye bai zauna tsakiya ba, duba alamar giya tukuna kafin ka shiga daidaitawa ta Windows.

Ɗora murfi, ka tabbatar babu wayar da ta leƙo ta gefe. Kowane sukuru, fara juya shi baya har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaure. Haka ramin roba ba ya lalacewa. Sa rabinsu kawai, ka tashi jirgi. Ni nakan tashi daga filin jirgin Garwa, mai lambar FKKR, in nufi na Marwa-Salak, mai lambar FKKL, ina karkata hagu da dama da gangan, yatsa a kan tirim, ina leƙa Binuwai da hular Sin ta kowane gefe. In ka sauka babu maɓallin da ya ɗauke, ɗaure sauran sukurun, ka samo tsohuwar rigar matashin kai ka riƙa rufe sitiyarin da ita duk lokacin da ka tashi daga kansa.